Zuwa Tawa hutu da yaro mai otizim: don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara

Maman Halidu (Bukoki):
Assalamu alaikum iyayen yara. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Ɗana Halidu shekararsa 7, yana da otizim, lalurar nan da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, tun yana ɗan shekara 4 lokotoro ya faɗa mana sunan abin. Maganarsa ba ta wuce kalma biyu uku, sauran sai ya kama hannuna ya kai ni wurin abin da yake so. Kakarsa ta wajen uba tana Tawa, ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, rabonta da shi shekara uku. Babansu ya ce wannan babban hutun, cikin Agusta, dukkanmu za mu je mu yi sati biyu.

Ba ƙin zuwa nake ba. Abin da ya same mu a zuwan ƙarshe ne ke hana ni barci. Mun shiga kar, babbar motar fasinja, tun kafin asuba, lafiya lau har Doso. Da rana ta ɗaga aka kunna fim a cikin mota, murya har ƙarshe. Muna tsayawa Dogondutsi masu talla suka yo caa a bakin ƙofa, sai ya toshe kunnuwa ya fara ihu yana buga kai da gilashi. Wata mata a bayana ta ce, "Baiwar Allah, ba ki da hannu ne?" Na rungume shi ya cije ni a kafaɗa, tabon yana nan har yau. Daga Dutsi har Ƙwanni kuka nake a cikin mayafi. Yaya kuke yi da hanya? Kuma in an isa gidan dangi, yaya kuke yi?

Baban Nafisa (Lazare):
Wa alaikumus salam Maman Halidu. Allah ya ba da lada. Hanyar nan ina bin ta kusan kowane wata saboda kasuwa, kuma sau huɗu na bi ta da Nafisa. Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne. Wa yaro irin namu kada ki ce "za mu Tawa", abin ya yi masa yawa, ba shi da bakin da zai kama. Yanka masa ita gunduwa-gunduwa: Doso, Dutsi, Ƙwanni, Tsarnawa inda ake barin babbar hanyar Maradi a miƙe arewa, Badagishiri, sannan gida. Ni kwali na samu na zana ɗakuna shida, na manna hoton kakarta a na ƙarshe. Duk garin da muka wuce ita ke soke ɗakinsa da biro. Daga nan tambayar da ba ta iya furtawa, wato "yaushe wannan abu zai ƙare", ta samu amsa a hannunta.

Sannan ki sayi kujera ɗaya ta ƙari in da hali. Kuɗi ne, amma ya fi sauƙi a kan baƙon mutum yana gogar kafaɗarsa awa tara. Shi ya zauna jikin taga, ke a gefensa, kuma ku dubi inda lasifika take ku yi nesa da ita.

Tanti Zuwaira (Talaje):
Abin toshe kunne, ƴar'uwa. Ba na waya ba, irin wanda masu walda da masu injin yankan ƙarfe ke sawa, mai kamar kwano biyu. A Katako na samu nawa wurin masu kayan gini. Amma kada ki fara sa masa ranar tafiya, cirewa zai yi ya wurgar. Fara tun yanzu, minti biyar yana cin abin da yake so, gobe minti goma. Nawa sai da ya yi sati biyu kafin ya yarda, yanzu ko markaɗe aka kunna a maƙwabta shi ke zuwa ya ɗauko da kansa.

Baban Nafisa (Lazare):
Na manta: kwana biyu ko uku kafin tafiya ku je tashar da yamma lokacin da ba cunkoso. Ya ga motar, ya taɓa ta, in sun yarda ya hau ya zauna ya sauko. Ni na roƙa an bar mu. Ranar tafiya kuma babansu ya keɓe da yaron mota da direba tun kafin a tashi, ya ce musu yaron yana da lalura, ƙara na cutar da shi, don Allah a sassauta murya. Magana ta mutunci tun da wuri ta fi faɗa a tsakiyar hanya.

Maman Biba:
Ni fa gaskiya ba na wahal da kaina. Siro ɗin nan na mura mai sa barci nake ba tawa cokali biyu in mun shiga mota, sai mun isa ta farka. Kowa ya huta, ita ma ta huta.

Majo Salamatu:
Maman Biba, na san ba da mugun nufi kike yi ba, kuma na san gajiyar da ke kai uwa ga haka, amma don Allah kada wannan ta zama shawara a nan. Mafi yawan waɗannan siro ɗin suna ɗauke da maganin ƙaiƙayi irin su purometazin. Akwai yaran da maimakon barci sai ya birkita su, su fi da tashin hankali, kuma ba za ki san naki na cikinsu ba sai kina tsakiyar daji tsakanin Dutsi da Ƙwanni. Purometazin ma haramun ne a likitance ga yaron da bai kai shekara 2 ba, don yana iya danne numfashi. Ga shi farfaɗiya ta fi yawa a cikin yara masu otizim fiye da sauran yara, kuma wasu magungunan barcin ba sa jituwa da ita. Yaron da aka bugar da magani ba ya neman ruwa, ga zafi, ga doguwar hanya. In ana ganin lallai sai an taimaka da magani, lokotoron da ke bin yaron shi zai rubuta, kuma a gwada a gida tukuna.

Maman Biba:
To Majo na ji. Amma ku da kuke faɗa, ba ku ke zaune da yarinya tana ihu mutum saba'in na kallonku ba.

Majo Salamatu:
Na zauna, ƴar'uwa. Nawa shekararsa 12 yanzu. Shi ya sa nake cikin wannan zaure, ba don aiki ba.

Maman Biba:
Ki yi haƙuri, ban sani ba. Zan tambayi lokotoro kafin tafiyarmu ta gaba.

Alhaji Mamman (Tawa, Bilbis):
Ɗiyata, ni ga nawa gani, ku bar wanga yaro Yamai wurin ƴar'uwarki, ku taho ku gaida tsohuwa ku koma. Mi za a wahal da shi? Shi bai san inda za a kai shi ba, ku kun wahala, mutanen mota sun wahala. In kunka zo da hotonai a waya ta gani ai ya isa. Kuma ku riƙe addu'a, don irin wanga abu wani lokaci ba na asibiti ba ne.

Maman Halidu (Bukoki):
Baba Alhaji, na gode, addu'a kam ba mu taɓa sakinta ba. Barin nasa ma na yi tunani. Sai dai shi kwana a wani gida ba ni a kusa ya fi masa motar ciwo. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Halidu yana da baffanni huɗu da gwaggo biyu a Tawa, cikinsu ba wanda ya san abin da yake ci, ko abin da yake tsoro, ko yadda yake cewa yana jin ƙishirwa. Ni da babansa ba dawwama za mu yi ba. In muka ci gaba da barinsa a baya duk lokacin da za a je gida, ranar da ba mu, hannun wa zai kama?

Alhaji Mamman (Tawa, Bilbis):
Wagga magana ta yi nauyi. Ban dube ta ta nan ba. Allah shi kawo ku lahiya.

Malama Rakiya (Yantala):
Maman Halidu ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Kowa yana maganar mota, amma mota yini guda ce. Gidan dangi shi ne sati biyu. Kuna sauka za a yo kansa, wannan ta ɗaga shi, waccan ta ja kumatu, a yi guɗa, kaka ta ce "ga maigidana ya zo, ina cefane", a ce ya durƙusa ya gaida baffa, ya ƙi kallon kowa, sai ka ji an ce ƴan Yamai ba su koya wa ƴaƴansu gaisuwa. Duk ƙauna ce, amma a jikinsa kamar an watsa masa ruwan zafi ne.

Abin da na yi, kuma ina ganin shi ya fi komai amfani, na kira uwar mijina sati guda kafin mu zo, ita kaɗai, na yi mata bayani da Hausar da za ta gane. Ban ce otizim ba. Na ce, "Inna, jikanki Allah ya yi shi kunnensa da fatarsa suna jin abu fiye da namu. In an taɓa shi ba shiri yana jin zafi. Ba raini ba ne in bai dube ki ba. Ki bar shi shi zai zo." Tsohuwa in ta gane, ita ke zama katanga. Da muka isa ita ce ke korar jikoki tana cewa ku ba shi wuri. Maganar da in ni na faɗa za a ce sarakuwa ta zo da iyayi, daga bakinta doka ce.

Ki kuma roƙi ɗaki guda, ko lungu ne, wanda in abin ya taso za ki shige da shi ki ja labule. Ki shimfiɗa masa zanen da ya saba kwana a kai, kada ki wanke shi kafin tafiya, ƙamshin gida ake so.

Abu Yasir:
Ni ban yarda a je ana shela ba. Yau ka faɗa wa mutum ɗaya, gobe duk unguwa ta ce gidan wane akwai mai galahanga, jibi a ƙi auren ƙannensa. Mun gani.

Malama Rakiya (Yantala):
Abu Yasir, tsoronka gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma in ba ka ba su suna ba, su za su raɗa nasu, kuma nasu ya fi muni: ɗan ruwa, mai iskoki, ko a ce uwar ce ta sangarta shi. Yaron da ke kaɗa hannu yana jujjuyawa a tsakar gida ba ya ɓoyuwa. Ita kalmar galahanga da ake ji a rediyo ni ma ba na son ta, don ana cusa lalurori daban-daban a cikinta, har da waɗanda ba su da alaƙa da otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ka ƙirga yaran layinku. Ba gidanmu kaɗai ba ne, mu ne dai muka san sunansa.

Abu Yasir:
Ni dai uwa da uba kawai zan faɗa wa. Sauran su gani da idonsu.

Maman Sultan:
Wai ba allurar rigakafi ke kawo shi ba? Haka ƙanwar mijina ta ce da muka je Madawa.

Majo Salamatu:
A'a. Wannan zancen daga wani rubutu ya fito a Ingila a 1998, aka bincika aka tarar da maguɗi a ciki, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, mai rubutun kuma aka hana shi aikin likita. An bi yara masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban ba a ga alaƙa ba. Gado yana da babban hannu a ciki. Kada a bar rigakafi.

Tunda Agusta za ku je, Maman Halidu, tsakiyar lokacin zazzaɓin sauro ke nan. Ki tafi da sangenki, ki fara kwantar da shi a cikinsa tun a Yamai. Kuma ki tuna yaron da ba ya magana ba zai ce miki kansa na ciwo ba. In kin ga ya canza, ya ƙi abin da ya saba ci ko kuka ya ƙi ƙarewa, taɓa jikinsa, a je a yi gwajin jini, kada a ce halinsa ne kawai. Ƙanwarsa in ba ta kai shekara 5 ba, kada ta rasa maganin rigakafin zazzaɓin da ake rabawa wata-wata da damina.

Muse Idi (Banifandu):
Ku ba ni wuri in sa bakin masu TDAH, wato lalurar da ke hana yaro natsuwa da zama wuri guda, don namu daban ne. Nawa shekara 9, magana kamar rediyo, ba ya tsoron kowa, matsalar zama ce. Kujera awa ɗaya a wurinsa kurkuku ce. Abin da ya yi mini aiki shi ne ba shi muƙami. Na ce kai ne mai kula da ruwa da tikiti, kai za ka ƙirga manyan motocin albasa da muka wuce. Wajen Kure na sa shi gadin taga ko zai hango raƙuman dawa, bai gani ba amma ya yi rabin awa bai motsa ba. Duk inda aka tsaya, ko minti biyar ne, mu sauka tare ya yi gudu daga nan zuwa can ya dawo, hannuna na kusa saboda titi. Waya kuma ba na ba shi tun farko, ajiye ta nake sai bayan Ƙwanni lokacin da dabara ta ƙare. Ku cika batir, ku sauke abin kallon tun a gida, don akwai wuraren da layi ke ɗaukewa.

In yaro na shan maganin TDAH, ku sani yana rage cin abinci, don haka a ba shi kari mai nauyi kafin ya sha. A riƙe shi a jakar hannu tare da takardar lokotoro, ba a cikin kayan da ake zubawa ƙarƙashin mota ba, kuma a ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiya. Ba kowane kantin magani ke da shi ba.

Wani abu kuma da ban shirya masa ba: bara da Babbar Salla, an jera raguna a tsaye jikin itace an zagaye wuta da su yadda muke yi, na juya in amsa gaisuwa, sai ga shi yana tsallake garwashi. Gidan taro kowa yana zaton wani na kallon yaro, alhali ba mai kallo.

Hajiya Maman Fati (Tawa, Sabon Gari):
Maganar Muse ta ƙarshe ita ce na shigo in faɗa, kuma jikina har yanzu rawa yake in na tuna. Jikana mai otizim, da damina, bayan la'asar, mata sun fi goma a tsakar gida ana tsinkar zogale. Wani yaro ya shigo bai rufe ƙyaure ba. Ba mu ankara ba sai da uwar ta fito wanka. Kiran sunansa ba amfani, ba ya amsawa. Mun bazu, wasu kasuwa, wasu bakin titi. Wani mai amalanke ya ce ya ga yaro ba takalmi ya yi wajen tabki. Aka same shi ruwa ya kai mishi gwiwa, yana dariya yana dukan ruwan da tafin hannu. Taku uku gaba rami ne inda ake ɗibar ƙasar bulo.

Waɗannan yara ruwa na jan su. In ya ɓace, kada ku fara da kasuwa, ku fara da ruwa mafi kusa: tabki, rijiya, rami, har randa da baho. Ranar da kuka sauka babansa ya zaga unguwa ya san inda kowane ruwa yake. A sa sakata sama inda hannunsa ba ya kai. Kuma kullum a ambaci sunan mutum guda, a ce wance, ke ce da Halidu daga yanzu zuwa magariba.

Majo Salamatu:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2012 ya nuna kusan rabin yara masu otizim sun taɓa sulalewa su bar inda ake tsaronsu. Ki ɗinka lambar wayarku a cikin rigarsa ta baya inda ba zai cire ba, kuma kowace safiya ki ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa. Lambar ƴan sanda 17, ta ƴan kwana-kwana 18.

Tanti Zuwaira (Talaje):
Abinci fa? Me yake ci?

Maman Halidu (Bukoki):
Farar shinkafa ba miya, burodi, da soyayyen dankali. Tuwo ko a hannu ba ya yarda ya taɓa shi. Kuma sai a farantinsa shuɗi.

Tanti Zuwaira (Talaje):
To farantin nan ya riga kayan kwalliyarki shiga jaka, da kofinsa. Ki tafi da shinkafarki ki dafa masa da kanki. Za a ce "a bar shi da yunwa zai ci", kada ki yarda, namu suna iya kwana biyu ba su ci ba. Hutu ba lokacin koya masa sabon abinci ba ne, sabon gida ma ya ishe shi aiki.

Maman Halidu (Bukoki):
Iyaye, ga ni daga Tawa, yau kwananmu tara. Na ce sai na dawo na ba ku labari.

Hanya ba ta zo da sauƙi duka ba. Kwalin Baban Nafisa ya yi aiki har Ƙwanni, shi ke soke garuruwa. Bayan Tsarnawa aka tsayar da mu duba takardu, aka daɗe, wannan kuwa ba ya cikin kwali. Ya yi kuka ya kai minti ashirin, amma bai buga kai ba, kuma da wani ya fara magana yaron motar ne ya ce a ƙyale shi, lalura ce. Babansu ya riga ya yi masa bayani tun a tasha.

Na kira Inna kamar yadda Malama Rakiya ta ce. Da muka shiga ba wanda ya taɓa shi, tana zaune a kan tabarma ta ce "sannu maigida" sau ɗaya ta yi shiru. Kwana uku bai je inda take ba. Ran na huɗu ya kwashe marufan kwanoninta ya jera su a gabanta daga babba zuwa ƙarami, ta hana kowa ɗauka har dare. Akwai gwaggonsa guda da har yanzu take cewa a kai shi wurin mai magani, na bar ta da babansu. Jiya da rana ina wanki, na ɗago na ga ya kama hannun Inna yana ja. Ta dube ni, na ce ruwa yake so. Ta ce in zauna. Ta dogara sandarta ta miƙe, ya kai ta har gindin randa, ta ɗebo ta zuba masa a kofinsa.

Yanzu matsalata ɗaya: ƙanwarsa ta zauna a kan abin toshe kunnen, ƙarfen ya karye, kuma Alhamis za mu koma. Mutanen Tawa, ina zan samu wani?

Alhaji Mamman (Tawa, Bilbis):
Ɗiyata, masu kayan gini na cikin kasuwa suna da shi. Kada ki hito da yaro cikin rana. Turo min hoton wanda ya karye ta akwatin sirri, in aiki yarona shi nemo irinai, gobe kahin azahar shina hannunki in sha Allah.